Awon Rigar Ɗan Fari

Kowace safiya, kafin rana ta ɗauke hazon da ruwan sama ke bari a kan rufin kwanon Moshi Zango, Rashidatu takan zauna a bakin shagon mahaifiyarta, kofin koko a hannu ɗaya, waya a ɗayan, ta karanta mata labaran ƙungiya. Mma Safara'u ba ta taɓa cewa tana son ji ba, ba ta kuma taɓa cewa a daina ba. Ƙafarta dai tana kan keken ɗinki, sai in labari ya yi daɗi a ji ƙarar keken ta ragu.

Ƙungiyar ita ce Mikiyar Zango, ta ƙwallon kwando, wadda Alhaji Seini mai sayar da kayan gyaran mota a Suame Magazin ya kafa shekara goma sha biyu da suka wuce. Magoya bayanta suna da shafi a waya inda suke zuba labari da gardama tun daga fitowa sallar asuba. Labarin ran nan babba ne, ƙungiya ta ɗauki tsofaffin 'yan wasa uku don kakar wasan bana. Rashidatu ta karanta na farko, wani daga Tamale. Ta karanta na biyu, daga Takoradi. Sai ta kurɓi kokon da ya riga ya huce.

"Na ukun fa?" in ji Mma Safara'u.

"Yaya Khalidu ne, Mma. Ya sa hannu jiya. Jibi zai sauka."

Keken ya tsaya cak. Can a bakin kwata wata mai ƙosai tana ta kiran ciniki, wani ɗan pragya, mai keken haya mai ƙafa uku, yana danna ham a lungu. Mma Safara'u ta shafa yadin da ke gabanta har ƙarshensa, sannan ta ce a miƙo mata zaren nan ruwan ɗorawa.

Rashidatu ta miƙa mata, ta ci gaba da karanta abin da mutane ke cewa, don ta san shirun ba na a daina ba ne. Wani ya rubuta cewa Alhaji ya saba sayo tsofaffin injuna daga Turai, shi ya sa 'yan wasa ma sai na gwanjo yake ɗauka. Wani ya ce kafin kowane wasa a biya da gwiwoyinsu Magazin a shafa musu giris. Sai wani dattijo ya tsawata musu, ya ce yaran yanzu ba su ga Khalidu yana ɗan shekara sha tara ba, lokacin da in ya tashi sama mutum kan shanye kofin shayin ataya kafin ya sauko. Mma Safara'u ta ɗaga allura wajen haske, ta yi ta neman kafarta da bakin zare, ta daɗe ba ta samu ba.

Khalidu ɗan farinta ne. A gidansu, tun daga kakanninta da fataucin goro ya kawo Kumasi, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yabonsa, ba ta taɓa jikinsa in ba dole ba. Ranar da aka yaye shi mahaifiyarta, Inna, ta goya shi ta tafi da shi gidanta, ƙofa uku daga nan. Can ya tashi cikin ƙannen Safara'u, ya ji suna ce mata Yaya, shi ma ya kama. Ita kuwa in zancensa ya zama dole sai ta ce "na Inna". Matan zamaninta da yawa sun saki wannan kunya, wasu har suna riƙe hannun 'ya'yansu na fari a hoto. Ita ba ta iya ba. Abin ya zauna mata a jiki kamar yadda ɗaurin zane ke zama a ƙugu.

Bayan shagon akwai filin makaranta mai kwando ɗaya, katanga ce kawai tsakani. Shekara bakwai tana ɗinki tana jin bugun ƙwallo ta bayan katangar nan. Yara da yawa ke bugawa, amma ta san nasa, biyu da sauri, ɗaya a hankali, sai shiru, sai ihun yara. A cikin shirun nan takan ɗaga ƙafa daga keke. Ko sau ɗaya ba ta leƙa ba. Daga baya ya tafi Abijan, daga can Dakar, sai Tunis, sai wasu garuruwan da Rashidatu ke nuna mata a taswira. Shekara goma sha biyar yana zuwa ne kawai da salla ko rasuwa, ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Inna ta rasu, mahaifinsa Malam Garuba ya rasu, kunyar tana nan. Duk Kumasi an ga Khalidu yana wasa, ko a fili ko a waya, ban da matar da ta haife shi.

Abin da zango bai sani ba shi ne idonta yana tafiya. Rashidatu kaɗai ta sani, don ita ta raka ta asibiti, kuma an hana ta faɗa wa kowa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, na hagu ya riga ya tafi, na dama magani zai ɗan riƙe shi amma ba zai dawo da abin da ya ɓace ba. Duniya ta zama mata kamar safiyar da hazo ya ƙi tashi. Gefe da gefe duhu, tsakiya ɗan haske, kowace fitila da rawani a kanta, mutane suna shigowa kamar inuwar gajimare su yi magana su fita. Wani lokaci abin har daɗi yake mata, sai ta ji kamar tana zaune a cikin mafarkin da ba a gama ba. Amma tun da aka ce jibi zai sauka, sai ta fara ƙirga kwanakin hasken da ya rage mata. Abu ɗaya take so, ta ga tashin nan da ake faɗa, sau ɗaya, kafin ƙofar ta rufe. Ba ta da bakin da za ta faɗa, ba ta da dalilin da za ta bayar in an gan ta a filin wasa.

Ita ce telar Mikiya tun kafuwarta. Ita ke yanka jesi, ita ke yanka haruffan suna daga yadi ruwan ɗorawa ta ɗinka su a bayan shuɗin rigar. Akwai shekarar da aka sayo jesi bugaggu daga wani kanti a Adum, ƙungiya ta sha kashi sau tara a jere. Tun daga nan magoya baya suka kafa doka, duk wanda aka ɗauka, ko ya sa hannu a takarda goma, bai zama ɗan Mikiya ba sai ya tsaya a shagon Mma Safara'u ta auna shi. Da can da tef take awo. Da lambobin tef suka narke mata sai ta koma taƙi, daga babban yatsa zuwa ɗan tsakiya, tana taka bayan mutum da hannu tana ƙirgawa a zuci. Mutane suka ɗauka wata albarka ce ta ƙara, suka ƙara son abin.

Ranar awo lungun ya cika. Abdul-Latif, shugaban magoya baya, mai gyaran wayar mota a Magazin, ya zo da wayarsa a ɗage don ɗaukar hoto. Mutumin kirki ne mai surutu, a Bantama ya tashi wajen dangin uwarsa 'yan ƙabilar Asante, sai da ya girma ya dawo zango. Ɗan Tamale ya fara tsayawa, ta auna shi, ta ce kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu kauri, ya rage kwana a kanta. Aka yi dariya. Ɗan Takoradi ya tsaya, ta taka taƙi uku a cikinsa, ta tambaye shi ko jesi ɗaya za a ɗinka masa ko da na tumbin. Aka sake dariya, shi ma ya yi.

Sai hasken ƙofa ya ɗauke. Ba ta ga fuska ba. Wani dogon duhu ne ya cike ƙofar har sama, ya sunkuya ya shigo, ƙanshin man zafi na binsa. Duhun ya rage tsawo, ya durƙusa.

"Yaya, na same ku lafiya?"

"Lafiya lau. An zo lafiya?" Da keken ɗinki take magana.

Ya miƙe ya tsaya inda sauran suka tsaya. Hannunta ya tashi daga cinyarta da kansa, ya kai rabin hanya. Ta ji idon mutane a kansa, ta ji muryar Inna kamar tana bayan labule. Hannun ya juya ya ɗauki almakashi.

"Wannan ba sai an auna ba," ta ce. "A kawo na gaba."

Babu na gaba. Khalidu ya ce to, ya sunkuya ya fita, haske ya dawo ƙofar.

Kafin azahar Abdul-Latif ya sa a shafi cewa Mma Safara'u ta auna biyu ta ƙi auna na uku, kuma shi bai san me ke tsakanin uwa da ɗa ba, amma a taya su da addu'a. Da kyakkyawar niyya ya rubuta. Shafin ya kama da wuta. Wani ya ce fushin uwa ne, kakar bana ta mutu tun ba a fara ba. Wata ta ce ai dama wanda ya bar uwarsa shekara sha biyar ba ya dawowa ya tarar da hannu a buɗe. Tsofaffi biyu uku suka yi ƙoƙarin bayyana cewa kunyar ɗan fari ce, amma maganarsu ta nutse a ƙasa. Rashidatu ta karanta mata kaɗan, ta ce ita za ta rubuta gaskiya. Mma Safara'u ta hana ta. Ta ce abin da ba a faɗa da baki ba a faɗarsa da waya.

Washegari ta buɗe akwati ta ciro tsohuwar jamfar Malam Garuba. Shi ma dogo ne, kuma kowa na cewa ɗan ya ɗauko ƙirar uban. Ta shimfiɗa ta a tebur, ta taka ta da taƙi, ta yanka shuɗin yadi a kan wannan awo. Haruffan ta yanka su da lalube. Ba ta furta sunan ba, yatsunta ne suka bi shi harafi bayan harafi, suka kwantar da shi, allura ta bi bayansu. Ta aika Rashidatu da rigar.

Kwana biyu bayan haka, da la'asar, hadari ya haɗo daga wajen Suame, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Masu talla suka watse, lungun ya zama rafi. Rashidatu ta tafi Adum sayo zare ruwan ya tsare ta a can. Mma Safara'u na zaune ita kaɗai tana sauraron kwano, sai hasken ƙofa ya ɗauke, ƙanshin man zafi ya shigo tare da na jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ya gaishe ta, ta amsa. Ya ajiye rigar a kan tebur ya ce ta matse shi a kafaɗa, in ya ɗaga hannu tana kama shi a hammata. Ta ce a bar ta, za a buɗa. Bai tashi ba. Ta ji yana shafa haruffan, ta tuna ba ta tabbata sun miƙe a layi ba. Ya daɗe yana shafawa. Bai ce sun karkace ba.

Sai ta ji ya ja ɗan benci, ya zauna a gabanta, ya juya mata baya. Fuskarsa tana kallon ruwan da ke zuba a ƙofa.

"Yaya, ba kowa a lungun," ya ce. "Ni ma ruwa nake kallo."

Kwano ya yi ta kiɗa a kansu. Ta kalli faffaɗan duhun da ke gabanta, babu ido a cikinsa, babu fuska, baya ne kawai irin wanda ta saba aunawa. Ta ce wa zuciyarta aiki ne, tela ce ita, wannan kuma mai riga ne. Ta ɗora babban yatsa a ƙarshen kafaɗarsa ta hagu.

Jikin da ɗumi. Rabonta da shi tun yana da faɗin taƙi ɗaya, ranar da ta yi masa wanka na ƙarshe kafin Inna ta zo da zanen goyo. Ta taka ɗaya. Ta taka biyu. A na uku yatsanta ya ci karo da wani tudu mai tsawo a ƙarƙashin riga, kamar ɗinkin da aka yi da hannun da ba ya tausayi. Ta tsaya a kansa. Ya ce a Tunis ne, shekara shida ke nan, ya hana a faɗa a gida. Ta bi tabon da yatsa har ƙarshensa, ta ce wanda ya yi ɗinkin nan bai iya aiki ba. Bayansa ya girgiza da dariya a ƙarƙashin tafinta, ita ma ta ji bakinta ya motsa.

Ta sauko daga wuya zuwa ƙugu, huɗu da rabi. Ya fi ubansa faɗi da yatsu huɗu, ya fi shi tsawo da uku. Ashe duk shekarun nan da ƙirar wani take tuna shi. Ta gama awon, ta sake farawa daga kafaɗa kamar ta manta lissafi, shi kuma bai ce an riga an auna nan ba.

Yana kallon ruwa ya ce an ba shi aikin koyar da yara a Dakar, ya ce su jira shi shekara guda. Ya ce likitan ƙungiyarsu ya duba gwiwarsa ya ce kaka ɗaya ta rage a cikinta, in ya lallaɓa.

"Ni ma kusan haka nawa likitan ya ce," in ji ta.

Bai tambaye ta likitan me ba. Daga nan ta gane Rashidatu ta yi abin da aka hana ta, ta kuma gane abin da ya dawo da shi. Ba ta yi fushi ba. Ruwa ya tsagaita, ya tashi, ya ce ran Asabar da ƙarfe huɗu za a buɗe kaka. Bai ce ta zo ba. Ya sunkuya ya fita.

Ta yanka sabon yadi. Da ta zo kan haruffa sai ta ajiye kwalin da take auna na kowa da shi, ta yanka su da girman tafin hannu, kowane ɗaya ya ninka na sauran 'yan wasa biyu, har sunan ya cike bayan daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Rashidatu ta riƙe mata layi da alli.

Ran Asabar bayan azahar Mma Safara'u ta yafa mayafinta na fita biki, ta sa allura da zare a jaka. Ta faɗa wa maƙwabciyarta, da ƙarfi yadda lungu zai ji, cewa ɗinkin hammatar wata jesi bai kwanta mata a rai ba, za ta je ta ga ko zai riƙe. Maƙwabciyar, wadda ita ma ta haifi ɗan fari a zamanin kunya, ta ce ai tela na gari ba ya barin aikinsa, Allah ya kiyaye hanya.

Filin ya cika da ganguna da ƙaho. Abdul-Latif ya hango su ya taho a guje da wayarsa, Rashidatu ta tare shi, ta yi masa magana a kunne. Ya sauke wayar, ya cire hularsa ya mayar, sai ya kori wasu samari daga bencin gaba ya share mata wuri da hannun rigarsa.

Ta zauna. Abin da take gani tafki ne na haske, shuɗayen inuwoyi da farare suna iyo a ciki, suna haɗuwa suna rabuwa. Ƙarar takalma a daɓe kamar kukan tsuntsaye. Rashidatu na faɗa mata abin da ke faruwa, ɗan Tamale ya jefa ya shiga, ɗan Takoradi yana haki, na Inna yana benci da ƙanƙara a gwiwa. Kashi na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Rana ta karkata, hasken tafkin ya zama ruwan zuma. Ta fara tunanin ko ba za a sa shi ba.

Sai dariya ta tashi daga bayanta ta zagaye filin. Wani ya ɗaga murya ya ce wannan suna ai daga kasuwar Kejetiya ma a karanta shi. Wani ya ce an rubuta da girma ne don tsoho kada ya manta sunansa. A cikin tafkin ta ga wani abu ruwan ɗorawa ya shigo, babba, a sarari, shi kaɗai ne mai iyaka a cikin duk abin da ke gabanta. Ta kama shi da idon dama ta riƙe.

Ba ya gudu kamar sauran. Yana tafiya a hankali, ya tsaya, ya juya, inuwoyi su taru a kansa su watse. Sau biyu ya jefa bai shiga ba, aka yi tsaki. Ta ji ɗingishinsa a yadda launin ke karkata hagu. Sai wani lokaci hayaniya ta lafa, ƙwallo ta zo hannunsa, ta ji ta a daɓe, biyu da sauri, ɗaya a hankali. Ƙafarta ta ɗaga daga ƙasa kamar akwai keke a ƙarƙashinta.

Wannan karon babu katanga. Launin ya tashi. Ba tashin da dattijon nan ya faɗa ba ne, ba wanda zai shanye ataya kafin ya sauko. Amma ya rabu da ƙasa, ya hau sama da kawunan inuwoyin, ya tsaya a can ɗan lokaci da rawanin haske kewaye da shi, kamar fitilar da aka rataya. Ta kalle shi kai tsaye, ba ta kau da kai ba. Sannan ya sauko, filin ya fashe, ganguna suka ɗauka, ɗaruruwan bakuna suna kiran sunan da ta ɗinka. Nata bakin a rufe yake. Hannunta na dama ne kawai a buɗe a kan cinyarta, daga babban yatsa zuwa ɗan tsakiya.

Wata baƙuwa da ke zaune kusa da ita, da alama daga wata unguwa ta zo, ta taɓa ta ta ce, "Hajiya, wannan tsohon mai manyan haruffa, kin san shi ne? Na ga tun da ya shigo ba ki ƙifta ba."

Mma Safara'u ba ta juyo ba, don launin ya fara komawa ɗaya gefen kuma ba ta son ya ɓace mata.

"Ni na ɗinka rigar," ta ce.